Gayya a Kwarin Aduwa

Gure, 9 ga Janairu

Zuwa ga maigidana Muktar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar matar da mijinta ya manta hanyar gidanta shekara ashirin da biyu. Yaya Yamai? Yaya mahaifiyarka Hawa da ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya lau, in ka cire tansiyo, jinin nan nawa da ke hawa da sauka yadda ya ga dama, da kunnen nan nawa da ya ƙi jinin salula. Shi ya sa ka ga takarda. Shekara talatin na yi ina koya wa matan ƙasar nan rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ba zan bar hannuna ya mutu ba don an ƙirƙiro abin da ake ihu a cikinsa.

In ka manta ko wace ce ni, ni ce Kellu. Ni da kakanka Idrisa ƴaƴan wa da ƙani ne. Ni na cire maka ƙaya a ƙafa da ka zo Gure kana ɗan shekara bakwai, ka yi ta kuka har maƙwabta suka leƙo.

Ga abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami. Burahima direba, wanda zai miƙa maka wannan, ya ce ka gama karatun nan naka na tonon kayan mutanen da, har digiri biyu, amma ba ka samu koyarwa a jami'a ba. Ya ce shekara uku ke nan kana kabu-kabu. Wannan bai dame ni ba, sana'a ce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da ya ce kana shirin tafiya arewa haƙar zinariya. Muktar, daga unguwarmu kaɗai mutum shida suka tafi. Biyu sun dawo da tarin da ba ya jin magani, ɗaya an yi masa salla ba gawa, sauran ko labarinsu babu. Shin karatun nan naku ba shi da wata ƙofa sai allo da alli?

Sai magana ta biyu. Garkata tana Kwarin Aduwa, tafiyar awa ɗaya a amalanke daga gari. Tudun rairayin gabas, wanda ni da matan ƙungiyarmu muke ta kafa wa shinge kada ya cinye mana dabino, bana ya matsa gaba ya bar bayansa a buɗe. Ran Talata na zagaya can, sai na ga bakunan randuna a jere sun leƙo daga ƙasa. Ga tsingaro ko'ina, ga kashin maƙera. Zanen jikinsu ba na Barebari ba ne, ba kuma na Hausawa ba. Na tambayi tsofaffin da suka girme ni, ba wanda ya taɓa jin an yi gari a wurin.

In irin abin da ka karanta ne, ka zo ka gani. In ba shi ba ne, ka zo ka ga matarka tun haƙoranta ba su ƙare ba.

Taka,
Kellu

*

Yamai, 20 ga Janairu

Zuwa ga Kaka Kellu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, Inna ma lafiya, ƙafar da sauƙi. Ta ce in gaishe ki da kyau, kuma ki rage gishiri. Ban manta da ke ba. Ƙayar nan kuwa har yau ina da shakka ko cire ta kika yi ko ƙara tura ta.

Burahima bai yi ƙarya ba, na yi niyyar tafiya. Kaka, na gaji. Na gaji da ɗaukar ɗaliban da na taɓa taya karatu a bayan babur, suna ce mini mushe, wato malam, suna kawar da kai don kada mu haɗa ido.

Kin tambaya ko akwai wata ƙofa. Akwai, sai dai ƙanana ne kuma mun yi musu yawa. Mu tara muka gama. Ɗaya yana gidan tarihi yana rubuta lamba a jikin tukwane, kuma yana jin daɗin abinsa. Ɗaya ta shiga ma'aikatar al'adu. Abba, wanda ya fi mu duka ƙwaƙwalwa, yana zana wa masu haƙar rijiyoyi taswira, don a karatunmu an koya mana auna ƙasa. Da akwai masu raka baƙi kallon zanen duwatsu a arewa, yanzu baƙin sun ɗauke ƙafa. Sauranmu muna nan muna gaisawa a bakin titi.

Ƙofar da nake ta ƙwanƙwasawa ita ce ta binciken share fage. Kafin a yi hanya ko wani babban poroje, wato aikin raya ƙasa, akan aika mai irin karatuna ya duba ko akwai kayan tarihi a wurin, kada injin ya niƙe su. Wata mata, Madam Ummul Kulsum, tana da ƙaramin biro, wato ofis, na wannan aiki. Sau huɗu ina kai mata takarduna tana cewa ba gurbi. Ran Litinin na kai mata wasiƙarki. Ta karanta, har ta yi dariya a wajen haƙora, sannan ta jawo taswira. Ashe akwai porojen kafe tuddan rairayi da zai shigo yankinku, kuma Kwarin Aduwa na ciki. Ta ce in wurin yana nan yadda kika faɗa, za ta ba ni kontara, wato kwangila, ta wata shida, sunana kuma ya hau kan rahoton. Wanda sunansa ya hau rahoto ɗaya, shi ake kira a na biyu.

Tun ranar ko abinci ba na iya zama in ci. Na fasa tafiya arewa. Muna jiran takardar izini, in ta fito cikin sati biyu za ki gan mu ni da Madam.

Game da randunan, don Allah, Kaka, kada ku wahalar da kanku. Ga tansiyo, ga rana, ga nisa. Ku bar su yadda suke, in na zo zan yi komai da hannuna.

Ki tanadar mini dabino, ba irin wanda kike ba baƙi ba.

Mijinki mai laifi,
Muktar

*

Gure, 14 ga Fabrairu

Maigida Muktar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Hawa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni dai yau bayana ne ke ciwo, amma ciwon daɗi ne, za ka ji dalili.

Sati biyunka ya zama uku da kwana huɗu. Kullum motar Damagaram ta shigo sai na leƙa tasha, har masu sayar da ƙosai sun fara tambayata wa nake jira. Ana cikin haka shanun wani makiyayi, Bobbo, suka bi ta bayan tudun, wata saniya ta taka bakin randa ɗaya ta fasa. Iska kuma ta fara maido da rairayi.

Na kira Hamsatu, mataimakiyata a ƙungiya, na karanta mata takardarka. Da na kai inda ka ce kada mu wahalar da kanmu, sai ta tafa hannu ta ce: "Allah sarki, ɗan halak! Ji kunya irin ta gidansu. Kellu, yaushe baƙo ya taɓa cewa a wahala dominsa? In muka biye mishi, ya zo da babbar mace daga Yamai ya iske aiki a kwance, ai mu muka ji kunya." Na ce bakinki ya faɗi abin da ke raina. Hawa ta iya tarbiyya, amma mu ma ba a daji aka haife mu ba.

Saboda haka ran Asabar na kira maka gayya. Mata talatin da takwas suka fito, da hauya da kwanduna, har da mai ganga. Na yanka bunsuru, aka dafa shinkafa a bakin garka. Kafin la'asar mun fito da randuna goma sha ɗaya, ba wadda ta fashe a hannunmu. Ka ga yadda matan nan ke tallabe su kamar jarirai.

Ba mu bar maka ƙazanta ba. Duk cike suke da ƙasa da toka da gawayi, ɗaya ma da wani tsohon gero ƙonanne baƙi ƙirin. Mun zazzage, muka kai su bakin rijiya muka wanke da soso da sabulu har zanen ya fito raɗau. Tsingaron kuma mun tsince shi tas, buhu shida, manya daban ƙanana daban. Ramukan mun cike su kada dabba ta karye. Yanzu duk suna jere a zaurena an rufe da tabarmi, kai da Madam ɗinka sai ku zauna a inuwa ku yi ta rubutu.

Kada ka ce za ka yi mini godiya, kunya za ka ba ni. Matan dai suna so su ga wannan miji nawa da aka yi wa gayyar da ba a taɓa yi wa mai gona ba.

Taka,
Kellu

*

Yamai, 18 ga Fabrairu

Kaka,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Izini ya fito jiya da safe, takardarki ta zo da azahar. Na karanta ta a tsaye a tasha.

Me kuka yi haka? Ai na ce ku bar su! Randa ita kaɗai ba ta faɗin komai, ko a kasuwa akwai randa. Aikina shi ne inda take kwance, zurfinta, wace ce ke kusa da wace, me ke cikinta. Gawayin da kuka zubar, da shi ake auna shekarun wuri. Geron nan da kika kira ƙazanta, da shi za a san abin da mutanen suke nomawa, akwai masu bincike da suka tsufa ba su taɓa samun ko cikin cokali ba. Abin da ya manne a cikin randunan shi zai nuna abin da aka dafa ko aka adana. Kun sa sabulu. Tsingaron da kuka ware manya da ƙanana, yanzu ba mai iya cewa wanne ya fito daga ina.

Wurin nan ya yi ɗaruruwan shekaru yana jira, shanu da iska ba su gama da shi ba. Ku kun gama da shi kafin la'asar, har da ganga.

Madam ta fasa zuwa. Ba wuri, ba rahoto, ba kontara. Kada ki jira ni a tasha.

Muktar

*

Gure, 11 ga Maris

Muktar,

Ina gaishe ka, ko ba ka so. Ina fatan kana lafiya. Ni na kwanta kwana biyar, lokotoron asibiti ya ƙara mini ƙwaya, yanzu na tashi.

Sati uku ina juya takardarka. Ranar farko na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Rana ta biyu na ji haushi, kuma har yanzu da sauransa, don haka bari in sauke maka.

Na ɗauko takardarka ta farko na sake karantawa. Ka ce tansiyo, ka ce rana, ka ce nisa. A ina ka ce gawayi? A ina ka ce gero? Duk bayanin da ka zuba mini cikin fushi, da ka zuba rabinsa tun farko, wallahi da na kafa rumfa a wurin na kori ko kaza. Ni malama ce, in aka yi mini bayani ina ganewa. Amma ka lulluɓe maganarka cikin ladabi, mu kuma a nan in yaro ya ce wa babba kada ya wahala, an san abin da ake yi. Shekara nawa kuna karatun nan a Yamai, wa ya taɓa zuwa ya tara mu ya ce in kun ga tsohuwar tukunya ga yadda za ku yi? Masu rigakafi suna zuwa, masu maganin fara suna zuwa. Ku ba mu taɓa ganin ƙeyarku ba.

Na sauke. Yanzu ga nawa. Na yi maka ɓarna, kuma ba irin wadda ake gyarawa ba ce. Ni na kira gayyar, ni na yanka bunsurun, ni na fara sa sabulu. Ban gaya wa matan ba tukuna. Hamsatu kullum sai ta tambaye ni yaushe angon zai zo, in ce aiki ya riƙe shi. Zauren nan kuwa na daina bi ta cikinsa, ta ƙofar baya nake fita.

Ka yafe mini. In ba za ka iya yanzu ba, ka bari sai ka huce, amma ka amsa mini ko da layi ɗaya ne. Burahima ya ce ya je gidanku sau biyu bai same ka ba, Hawa kuma ta ƙi ta dube shi. Kana ina?

Kakarka,
Kellu

*

Agadas, 3 ga Afrilu

Kaka Kellu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan jikinki ya yi ƙarfi. Inna ce ta aiko mini da takardarki nan. Ina sauke a gidan wani mutumin Tanut da ake kira Ɗan Kasuwa, kusa da tasha, mu goma sha huɗu a tsakar gida ɗaya, kowa na jiran mota.

Ni ya kamata in nemi gafara. Maganar ganga da na yi, na so a ce hannuna ya karye kafin in rubuta ta. Kuma kin yi gaskiya. Na zauna zan rubuta miki cewa kada kowa ya taɓa, sai na ga kamar ina ba kakata umarni, na goge na sa tansiyo. Abin da aka fara koya mana a shekarar farko ke nan, ni kuma na kasa faɗinsa don kada a ce ba ni da kunya.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tono irin wannan ba tare da izini ba laifi ne a doka. Da Madam ta tambaye ni yadda aka yi, na ji tsoron kada maganar ta kai ga masu poroje su cire ƙungiyarku daga aikin shinge. Sai na ce mata ni na sa ku, don in rage wa kaina wahala. Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Muktar, ashe ba ka karanta komai ba." Masu wannan sana'a a ƙasar nan ba su fi a tara su a ɗaki ɗaya ba, kowa ya ji. Don haka kada ki damu da neman wata dabara, ƙofar ta rufe.

Motarmu za ta tashi ran Alhamis ta sama in an cika. An ce masu ramukan zinariya suna son wanda ya iya karanta ƙasa, kin ga karatun bai tashi a banza ba. Ƙafata ce kawai ta ƙi zama wuri ɗaya, ina yini ina zagaya tasha.

Ki ba matan haƙuri, ki ce na gode da gayya. Da zuciya ɗaya suka yi.

Jikanki,
Muktar

*

Gure, 7 ga Afrilu

Maigida,

Gaisuwa a gurguje, Burahima na tsaye a ƙofa da mota a kunne. Zai ba wani direban Agadas a Damagaram. Lafiyata ga ta nan dai.

Wa ya aike ka ka yi ƙarya domina? Na rubuta wa Madam ɗinka shafi uku, na sa kwafin takardarka ta farko a ciki, na sa hannu da cikakken sunana. Na tara matan kuma na gaya musu komai. Hamsatu ta yi kuka, daga baya ta ce a rubuta sunanta a ƙarƙashin nawa, sauran suka dangwala yatsa. In za a cire mu daga aikin shinge a cire, mun kafa shinge tun ba a san poroje ba. Ko Madam za ta amsa, ban sani ba.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Ran Juma'a na koma bayan tudun ni kaɗai. Iskar makon jiya ta sake yaye wani gefe, can nesa da inda muka yi ɓarna. Akwai wasu. Na ƙirga baki bakwai, ga wata baƙar ƙasa mai toka a tsakaninsu. Na tsaya daga nesa, hannuwana a bayana. Ko tsingaro ɗaya ban ɗaga ba.

Jiya na sake komawa, rairayi ya rufe huɗu, kuma na bar shi ya rufe. Kafin ka karanta wannan ba za a ga komai ba sai tudu irin kowane tudu. Ban kafa sanda ba, ban aje dutse ba, don kada wani ya gani ya yi tambaya. Na auna wurin da taku daga abubuwa biyu da ba sa motsi, na riƙe a kaina. Hamsatu ba ta sani ba. Madam ma na ce mata akwai, ban ce mata ina ba.

Kai ma ba zan rubuta maka ba. Kada ka aiko a tambaye ni, kada ka sa Hawa ta roƙe ni. Sai ka zo da ƙafarka na kama hannunka na kai ka.

Ban sani ba ko wannan za ta riga Alhamis. In ta same ka a tsakar gidan Ɗan Kasuwa, ka ɗauki jakarka ka nemi motar kudu. In kuma sai a bakin rami aka miƙa maka ita, to ka sani shekarata saba'in da ɗaya, kuma lokotoro ya daina yi mini wasa in ya auna ni. In na tafi, da ni za a binne wurin.

Taka,
Kellu